Ƙudurin karatu na shekara: me ya sa yake mutuwa tun kafin Sallah?

Tun da aka gano ina ƙidaya littattafan da nake karantawa kowace shekara, yaran majalisarmu ta unguwar Nima a Akra suka mai da ni wurin tambaya. Wasu da gaske suke, wasu tsokana ce kawai kafin shayi ya nuna. Ga tambayoyin da suka fi dawowa.

Yaya, wai mene ne wannan ƙuduri, kuma wa ke sa ido a kai?

Babu mai sa ido. Mutum ne zai ce wa kansa a farkon Janairu, bana zan karanta littafi kaza, sai ya riƙa rubuta duk wanda ya gama. Shafin Goodreads na masu karatu a intanet ne ya yaɗa abin, ya fara shi a 2011, kafin Amazon ya sayi shafin a 2013. Kana sa adadinka, shi kuma yana gaya maka ko kana gaba ko an bar ka a baya. Ni dai ƙaramin littafin rubutu ne gare ni, irin na 'yan makaranta, bangonsa duk tabon yajin shito.

To littafi nawa zan sa?

A nan yawancinmu muke ɗaukar Dala ba gammo. Shekarata ta farko 52 na sa, wai ɗaya kowane mako, don na ga haka ake yi a intanet. Ban zauna na yi lissafi ba. Idan littafi yana da shafi 250, guda 52 shafi 13,000 ke nan, kusan shafi 36 kullum, ba ranar biki ba ranar zazzaɓi. Da Disamba ta kama ina kan na 19. Sai na koma ɗaukar ƙananan littattafan 'yar ƙanwata, masu hotuna da shafi goma sha, ina karantawa a tsaye ina shigarwa a lissafi. Wata rana ta kama ni, ta ce, “Kawu, ai wannan na aji biyu ne, ko na koya maka?” Ranar na san lambar ce take tuƙa ni, karatun ya daɗe da sauka daga motar.

Shawarata ita ce ka daina ƙidaya littafi, ka ƙidaya shafi. Kuma mu 'yan zango ba mu da hujjar cewa ba mu san wannan dabara ba, don da ita aka raine mu a makaranta. Ba ina haɗa Alƙur'ani da sauran littattafai ba ne, rabon nake so ka duba: izu 60, kowane izu sumuni 8, jimilla 480. Bugun Madina shafi 604 ne. Mai son sauka a cikin watan azumi izu biyu yake yi a rana, wajen shafi 20, ya raba su huɗu-huɗu bayan kowace salla. Babu wanda yake tashi da safe ya ce yau zan sauke. Abin da ke gabansa na yau kaɗai ya sani. Malamin allo ma ba ya ƙara maka sai ka biya na jiya, ka wanke.

Ɗauki shafi 10 a rana, a kwana 300. Shafi 3,000 ke nan, wato littafi 12 masu matsakaicin kauri. Ga wanda bara bai gama ko ɗaya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa 300, ba 365 ba?

Saboda shekarar ɗan zango ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Watan azumi na tilawa ne da tafsiri, ga tarawi, ga tahajjud a goman ƙarshe, da rana kuma ido ba ya ɗaukar rubutu. Kuma watan yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, shi ya sa a 'yan shekarun nan yake riskar ƙudurin Janairu tun bai yi ƙwari ba. Ka ƙara da Sallah biyu, da aure, da suna, da zaman makoki, da Disamba ga mai sayarwa a kasuwar Makola. Idan ka cire kwana 65 tun farko, zuwan su ba zai karya maka gwiwa ba.

Ni daga aiki sai gado. Ina lokacin yake?

Shafi 10 bai fi minti 20 zuwa 30 ba ga yawancin mutane. Wanda ke hawa trotro, motar haya, daga unguwar Madina zuwa Circle a cikin Akra da safe yana zubar da fiye da haka a cikin cunkoso. Na saba neman kujerar gefen taga, nesa da ƙofa, don na kusa da yaron mota ba shi da sukuni, kowace tasha sai ya tashi an wuce. Littafi a cinya, kuɗin mota a hannu tun kafin a tambaya. Idan karatu a mota yana sa ka jiri, akwai tsakanin asuba da fitowar rana, kafin masu koko su fara layi.

Wata ƙanwarmu ta taɓa cewa wannan maganar maza ce, ita da girki da yara uku ina ta ga minti 20 a jere. Gaskiyarta. Ba sai a jere ba. Yanzu littafinta a saman firji yake kwana, shafi uku kafin wake ya yi laushi, biyu bayan yara sun yi barci. Ta ce abin da ta rage ba aikin gida ba ne, leƙa WhatsApp ne.

Na yi mako biyu ban buɗe littafi ba. In rama?

Ba azumi ba ne, babu ramuwa. Wanda ya ce sai ya biya bashin shafi 140 kafin ya ci gaba, ba zai sake buɗe littafin ba. Ɗora daga inda ka tsaya, da goman yau.

Idan littafi ya gundure ni fa?

Ba shi shafi 50. In har yanzu kamar ana jan ka a ƙasa ne, ajiye shi, shafukan da ka karanta suna cikin lissafinka. Wannan ma wata fa'ida ce ta ƙidaya shafi: mai ƙidaya littafi yana jin ya yi asara, sai ya maƙale wata guda kan abin da ba ya so. Sai dai littafin ilimi da kake ɗauka a gaban malami ba ya cikin wannan, wahalarsa ita ce amfaninsa.

Wanda na saurara a waya, ko labaran da ake turawa a WhatsApp, suna shiga?

Ƙudurinka ne, kai ke yanke hukunci, amma a wurina suna shiga. Mu da ilimi ya zo mana ta kunne, malam yana karantawa yana fassarawa ɗalibai suna ji, ba mu ne za mu raina sauraro ba. Sharaɗina ɗaya: in an tambaye ka me ke ciki, ka iya faɗa. Abin da ka kunna kana sharar barci bai shiga ba. Labaran Hausa da marubutan Najeriya ke sakawa a Wattpad da WhatsApp kuwa, wasu sun fi littafin takarda tsawo. Tunda ba su da shafi, ƙidaya minti.

Littafi tsada. Ina za mu samu?

Ba sai ka saya ba. Hukumar ɗakunan karatu ta Gana tana nan tun 1950, babban ɗakin karatunta na Akra yana wajen High Street, kana yin rajista ka ara, tana kuma da manhaja ta waya. Ɗakin karatu na George Padmore, wanda Nkrumah ya buɗe a 1961, na bincike ne kan Afirka, a can ake zama a karanta. A nan Nima da Mamobi ma akwai ɗakin karatu na unguwa, da yawanmu muna wuce shi kullum muna ɗauka na yara ne kawai. UNESCO ta naɗa Akra babban birnin littafi na duniya na 2023, amma ban ga hakan ya rage farashi a shago ba. Masu baza littattafan hannu a gefen titi su ne rufin asirinmu. Buɗe ƙarshen littafin kafin ka biya, na taɓa kai wa gida wanda babinsa na ƙarshe ya yage. Kuma lokacin ruwan Yuni kada ka jingina su da bango, danshi yana cin takarda.

Me ya sa na Hausa suke wuyar samu, kuma in na samu sai karatun ya yi mini nauyi?

Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ke buga littattafai da su ake kuma koyarwa a makarantun boko, duk da yadda take yawo a kasuwa da rediyo. Shi ya sa ɗan zango yake magana da Hausa, ya yi karatu da Turanci da Larabci. Ba don ba a taɓa rubuta ta a ƙasar nan ba: Alhaji Umaru na Karachi, wanda ya zauna Salga ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce da ajami da Larabci.

Nauyin kuwa daga bambancin baki ne. Hausarmu ta nan ba ta cika raba ƙ da k ba, ba ta kuma damu da ya da ta ba kamar ta Kano, ga kalmomin da ba mu taɓa ji ba. Saboda haka idan na Hausa ka ɗauka, rage rabonka zuwa shafi biyar, kuma ka karanta da murya. Ni Hajiyarmu nake karanta wa bayan isha'i. Ba ta san boko ba, amma duk kalmar da na yi tuntuɓe a kanta sai ta ɗago daga tazbaharta ta gyara mini, ta ce haka kakanta yake faɗa, shi da ya zo fataucin goro bai koma ba. Akwai daren da shafi biyu kawai muka yi, sauran lokacin labarin hanyar Salga ya cinye, na rubuta biyun a littafina.