Wasan da ya yi wa addini ba'a: iyakar mai wasa da iyakar mai zanga-zanga a dokar Ingila

A Ingila da Wales babu hukumar da ake kai wa rubutun wasan kwaikwayo ta duba kafin a hau dandamali. Wanda ya saba da tsarin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, inda sai an tace kafin a saki, to a can akasin haka ake yi: a fara yin wasan, in an ga laifi a tafi kotu daga baya. Kuma "ya taɓa mini addini" ba ya cikin ƙarar da kotu za ta saurara. Mutane da yawa, har da 'yan uwanmu mazauna can, kan ɗauka dole akwai dokar da za a kama mai izgili da ita. Da akwai ta, amma ta daɗe da mutuwa, kuma ko lokacin da take da rai ba kowane addini take karewa ba.

Tace wasa ya fara ne a 1737, lokacin da masu zambo suka addabi Firayim Minista Robert Walpole. Aka yi doka cewa kowane sabon wasa sai ya sami lasisi daga Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarki. Wato ɗan siyasa aka fara karewa, ba addini ba, ko da yake daga baya ofishin ya daɗe yana hana a kwaikwayi Ubangiji ko Annabi Isa a dandamali. Shekara 231 ana haka, sai Dokar Gidajen Wasa ta 1968 ta rushe tsarin gaba ɗaya.

Abin da dokar 1968 ta bari kaɗan ne. Sashe na 2 ya haramta wasan batsa, irin wanda idan aka dube shi ɗungurungum zai gurɓata tarbiyyar masu kallo, kuma ko shi ana iya kare kai da cewa wasan yana da amfani ta fuskar adabi ko ilimi. Sashe na 6 ya haramta barazana ko zagi a cikin wasa da nufin tayar da husuma, ko kuma idan wasan baki ɗayansa zai iya tayar da ita. Wanda ya shirya wasan da wanda ya ba da umarni su ake tuhuma, ba ɗan wasan da ya faɗi abin da aka rubuta masa ba. Sannan ga babban shinge a sashe na 8: ba a buɗe shari'a sai da amincewar Antoni Janar. Ƙungiya ba za ta tashi kawai ta maka gidan wasa a kotu ba.

Laifin ɓatanci kuwa ba majalisa ce ta rubuta shi ba, daga tsofaffin hukunce-hukuncen alƙalai ya samo asali, kuma Kiristanci kaɗai yake karewa, musamman aƙidar Cocin Ingila. Musulmi sun gane haka a 1990, lokacin da aka nemi a gurfanar da marubuci Salman Rushdie da maɗaba'ar da ta buga littafinsa, kotu ta ce laifin bai shafi Musulunci ba. Mutum na ƙarshe da aka ɗaure a kansa shi ne John William Gott, wanda aka yanke wa wata tara da aiki mai tsanani a 1921.

Shari'ar da ta ƙarasa binne shi ta wani wasan waƙe ce mai suna Jerry Springer: The Opera, wanda ke yi wa shirye-shiryen tonon silili na talabijin ɗin Amurka zambo. A kashin ƙarshe an fito da Annabi Isa da Maryamu da Shaiɗan suna cacar baki da ashar. An sa shi a babban gidan wasa na ƙasa a Landan a 2003, sai BBC ta nuna shi ranar 8 ga Janairu 2005. Ƙorafi sama da 50,000 ya isa tashar tun kafin a nuna. Hukumar Ofcom mai kula da kafofin watsa labarai ta duba ta ce ba a karya ƙa'ida ba. Stephen Green, shugaban ƙungiyar Christian Voice, ya nemi kotu ta ba da sammaci a kan shugaban BBC Mark Thompson da wanda ya shirya wasan. Kotun majistare ta ƙi, ya ɗaukaka ƙara, Babbar Kotu ta sake kora ranar 5 ga Disamba 2007.

Dalilan kotun uku ne, kuma har yanzu suna da amfani ga mai son gane tunanin alƙalan ƙasar. Na farko, dokar 1968 ta riga ta toshe hanyar tuhumar wasan dandamali da irin waɗannan tsofaffin laifuka, dokar watsa labarai ta 1990 kuma ta yi wa talabijin irin wannan kariya. Na biyu, wasa ɗungurungum ake duba shi, ba a tsinci jimla ɗaya a rataye shi da ita ba, kuma wannan wasan masu shirin talabijin ya nufa, ba Kiristanci ba. Na uku, ɓacin rai kaɗai bai isa ba, sai an nuna abin zai girgiza zaman lafiyar al'umma, ga shi an yi kusan shekara biyu ana wasan a Landan ba a yi tarzoma ba. Aka kuma ɗora wa mai ƙarar kuɗin shari'a na kusan fam 90,000. A can yawanci wanda aka kayar shi ke biyan lauyan abokin hamayyarsa, abin da masu gaggawar zuwa kotu kan manta ke nan. Bayan 'yan watanni majalisa ta soke laifin ɓatanci, sokewar ta fara aiki ranar 8 ga Yuli 2008. Scotland ta bi sahu da dokar 2021 wadda ta fara aiki a 2024. Ailan ta Arewa ce kaɗai har yanzu yake rubuce a dokarta.

To me ya maye gurbinsa? Dokar 2006 kan rura ƙiyayyar addini, wadda ta fara aiki a Oktoba 2007. A nan ne ake yawan ruɗewa. Dokar mutane take karewa, ba aƙida ba. Kafin a kama mai wasa da ita sai an tabbatar da abu biyu a tare: kalaman ko aikin barazana ne, ba zagi ko cin fuska kawai ba, sannan da niyya aka yi domin a rura ƙiyayya a kan mabiya wani addini ko marasa addini. Sashe na 29D shi ya shafi wasan dandamali, hukuncin yana kai wa shekara 7, kuma nan ma sai Antoni Janar ya sa hannu. Wasan da ya yi wa malami ko fada ko wata ibada dariya bai shiga ba. Wanda ya zuga 'yan kallo su far wa masallatai ko majami'u ya shiga tsundum.

Gwamnatin Tony Blair ta so dokar ta fi haka faɗi, har ta haɗa da zagi da cin fuska. 'Yan wasan barkwanci irin su Rowan Atkinson suka tashi haiƙan, wasu ƙungiyoyin Kirista ma suka mara musu baya, kowa da abin da yake tsoro. Ranar 31 ga Janairu 2006 gwamnati ta sha kaye a majalisa da ƙuri'a ɗaya tak, 283 da 282, shi kansa Blair bai tsaya ya jefa tasa ba. Daga wannan dambarwa aka sami sashe na 29J, wanda ya ce kada a fassara dokar ta yadda za ta hana muhawara, suka, nuna ƙyama, ba'a, zagi ko cin mutuncin wani addini da ayyukan mabiyansa. Ga mai imani wannan sashe yana da ɗaci. Amma a karanta shi har ƙarshe, domin a jimlar ne aka kare wa'azi da kiran mabiya wani addini su bar nasu. Limamin da ya hau mumbari a Bradford ya ce Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, da faston da ya tsaya a bakin titi ya ce babu ceto sai ta hanyarsa, inuwa ɗaya suke sha da mai barkwancin. A ganina duk mai neman a cire wannan sashe ya fara lissafin wa za a fara kamawa.

Akwai wani bambanci da ke ci wa Musulmi da Kirista tuwo a ƙwarya. Dokar ƙiyayyar launin fata ko ƙabila ta fi tsauri: zagi ma ya isa, kuma ba sai an tabbatar da niyya ba, muddin ƙiyayya za ta iya biyo baya. Tun shari'ar Mandla ta 1983 ana lissafa mabiya addinin Sikh a matsayin ƙabila, haka ma Yahudawa, don haka suna cin moriyar wannan dokar. Musulunci da Kiristanci kuwa, da yake sun tara kowane jinsi, ba a yi musu wannan kallon. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai ko ita dokar ƙabilar mutane take karewa daga ƙiyayya, ba wurin ibada ko littafi daga ba'a ba.

Turai ma ba za ta share wa mai ƙara hawaye ba. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta ce tun 1976 'yancin faɗin albarkacin baki ya haɗa da maganar da ke ɓata rai ko tayar da hankali. Gaskiya ne a 1994 ta goyi bayan Ostiriya da ta ƙwace wani fim da aka gina kan tsohon wasan zambo ga Katolika. Amma abin da hukuncin ya ce shi ne ƙasa tana iya hanawa in ta ga dama, ba wai wajibi ne ta hana ba.

Saura zanga-zanga, kuma a nan doka ta buɗe ƙofa sosai. Tsayuwa wuri ɗaya a gaban gidan wasa da kwalaye, raba takardu, yin addu'a, roƙon mutane kada su sayi tikiti, rubuta wa masu ɗaukar nauyi su janye kuɗinsu, duk halal ne a doka, kuma taron tsaye ba ya buƙatar izini. Jerin gwano ne ke da sharaɗi. Sashe na 11 na Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1986 ya ce a kai wa ofishin 'yan sandan yankin da za a tashi takarda, cikakkun kwana 6 kafin ranar, ɗauke da rana, lokaci, hanyar da za a bi, da suna da adireshin mai shiryawa. Sanarwa ce, ba neman izini ba, amma wanda ya shirya bai kai ba ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. 'Yan sanda na iya sauya hanya ko wuri ko lokaci, kuma tun 2022 ƙarar lasifika ma tana cikin abin da suke iya sa wa iyaka.

Inda ake faɗawa rami sananne ne. Mutum ya sayi tikiti ya shiga, ya miƙe yana ihu don a tsayar da wasa, aka ce ya fita ya ƙi: ya zama mai kutse da nufin hana halastaccen aiki, har wata 3 a gidan yari. Tare titi laifi ne na daban. Mutum uku ko fiye da suka yi amfani da ƙarfi ko barazanarsa, shekara 5 ce iyaka. In sun kai 12 da manufa ɗaya, tarzoma ce, shekara 10. Barazanar kisa ga marubuci ita ma shekara 10. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya ƙara kula, domin dokar 2007 ta ce ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo a tasa ƙeyarsa zuwa gida, in ba wani dalili na musamman ya tsayar ba. Ɗalibin da ya bi ayari ya jefa dutse yana iya rasa biza da karatu a dare ɗaya.

A ƙa'ida aikin ɗan sanda shi ne ya tare mai tayar da hankali, ba ya rufe bakin wanda ake wa barazana ba. Haka kotu ta yanke tun 1882. A aikace ba kullum ake samun haka ba. A Disamba 2004 gidan wasan Birmingham Rep ya sa wasan Behzti na Gurpreet Kaur Bhatti, ita kanta 'yar Sikh, wanda aka nuna fyaɗe da kisa a cikin wurin ibadar Sikh. An zauna da shugabannin al'ummar tun kafin a fara, har aka yarda a riƙa raba wa 'yan kallo takardar ƙorafinsu. Abin da suka nema shi ne a mayar da labarin wani zauren taro, aka ƙi. Daren Asabar 18 ga wata ɗaruruwan mutane suka taru, wasu suka kutsa, aka farfasa gilasai, aka ji wa 'yan sanda rauni, aka kwashe mutum wajen 800 daga ginin, ciki har da iyalai da suka kawo yara wani wasan Kirsimeti. Ranar 20 gidan wasan ya soke sauran ranakun, ya ce ba zai iya lamunce lafiyar jama'a ba. Marubuciyar ta ɓuya saboda barazanar kisa. Babu alƙalin da ya ce wasan ya karya doka, kuma babu dokar da ke tilasta wa gidan wasa ci gaba in ya ga ba zai iya ba.

Ƙaramar hukuma ba ta da wannan sauƙin. Dokar lasisi ta 2003 ta hana ta gindaya sharaɗi kan irin wasan da za a yi, sai dai kan tsaron lafiyar jama'a, kamar ƙofofin fita da yawan mutane. Idan ita ce mai ginin, Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1998 ta hau kanta, ana iya ƙalubalantar matakinta a kotu. A Janairu 2014, a Newtownabbey ta Ailan ta Arewa, kwamitin ƙaramar hukumar ya soke wani wasan barkwanci kan Baibul bayan ƙorafin wasu kansiloli. Ba a ma je kotu ba. Cikin 'yan kwanaki surutu ya yi yawa, aka janye sokewar, aka yi wasan a ranakun da aka tsara, tikiti kuma ya ƙare ƙarƙaf.