Tallafin gidauniyoyi ga tsaron nukiliya da kariya daga ƙwayoyin cuta

Tallafin gidauniyoyi ga tsaron nukiliya da kariya daga ƙwayoyin cuta shi ne kuɗin da attajirai da gidauniyoyin agaji masu zaman kansu ke warewa don rage haɗarin abubuwa biyu da ke iya hallaka miliyoyin mutane cikin ƙanƙanin lokaci. Na farko fashewar makamin nukiliya. Na biyu ɓarkewar annoba, ko ta taso da kanta, ko ta kuɓuce daga ɗakin gwaje-gwaje, ko wani ya sake ta da gangan. Galibin masu ba da kuɗin suna Amurka, kaɗan a Ingila. Masu karɓa kuwa jami'o'i ne, da cibiyoyin nazarin manufofin gwamnati, da ƙungiyoyin masana kimiyya, wani lokaci har da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya.

In aka auna shi da abin da gwamnatoci ke kashewa, kuɗin bai fi cikin cokali ba. Ƙungiyar ICAN mai fafutukar kawar da makaman nukiliya ta ƙiyasta cewa ƙasashe tara da suka mallaki makaman sun kashe dala biliyan 91.4 a kansu a shekarar 2023 kaɗai, alhali abin da gidauniyoyi ke bayarwa a fannin nukiliya a shekara miliyoyi ne, ko kusa da biliyan ɗaya bai je ba. Darajar kuɗin tana wurin da yake faɗawa. Yakan biya abin da doka ta hana gwamnati biya, yakan riga gwamnati fara aiki, yakan kuma zaunar da mutanen da siyasa ta raba a ɗaki ɗaya.

Dokar harajin Amurka ita ta tsara masa hanya. Ta wajabta wa gidauniya mai zaman kanta ta fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarta duk shekara, ta kuma hana ta kamun ƙafa kai tsaye a majalisa don a zartar da wata doka. Shi ya sa yawancin kuɗin ke tafiya ga bincike, da horar da matasan masana, da tarukan bayan fage tsakanin ƙasashen da ba sa ga-maciji.

Mafari

A shekarar 1957 wani attajiri mai suna Cyrus Eaton ya ɗauki nauyin taron masana kimiyya 22 daga gabas da yamma a ƙauyen da aka haife shi, Pugwash, a Kanada. Lokacin yaƙin cacar baka ne, haɗuwar masanin Amurka da na Tarayyar Sobiyat don tattauna batun bam ba ƙaramin abu ba ce. Taron ya ɗore, ya zama ƙungiya, har ita da Joseph Rotblat suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1995. A 1973 Gidauniyar Ford ta ba da kuɗin kafa cibiyar nazarin kimiyya da harkokin duniya a Jami'ar Harvard. A 1981 Sally Lilienthal ta kafa asusun Ploughshares a San Francisco, wanda ke tattara gudummawar jama'a ya rarraba wa masu aikin rage makamai. Gidauniyar MacArthur ta Chicago ta shigo cikin shekarun 1980, ta kuma zama uwa-uba a fannin tsawon shekaru.

Carnegie da dokar Nunn-Lugar

Misalin da masu tarihin fannin suka fi kawowa shi ne na 1991. A watan Agustan shekarar wasu manyan jami'ai suka yi yunƙurin kifar da shugaban Tarayyar Sobiyat Mikhail Gorbachev, ƙasar ta kama hanyar wargajewa da kawunan makaman nukiliya fiye da 25,000 a hannunta, warwatse a jamhuriyoyi daban-daban. Sanata Sam Nunn ya nemi majalisar Amurka ta ware kuɗi a taimaka wa Sobiyat ta killace makamanta, amma abin bai karɓu ba. 'Yan majalisa da yawa na ganin babu dalilin ba tsohon abokin gaba kuɗi.

A daidai lokacin wasu masana a Harvard, ƙarƙashin jagorancin Ashton Carter, sun kammala nazari kan abin da zai iya samun makaman idan ƙasar ta rushe: wa zai riƙe su, ta yaya za a kwashe su, ina masanan da suka ƙera su za su nufa idan albashi ya tsaya. Gidauniyar Carnegie ta New York, wadda Andrew Carnegie ya kafa a 1911, ita ta biya kuɗin nazarin, shugabanta David Hamburg kuma shi ya haɗa Carter da Nunn da Sanata Richard Lugar a watan Nuwamba. Cikin 'yan kwanaki ra'ayi ya juya. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ƙuri'a 86, takwas suka ƙi, aka ware dala miliyan 400 a karon farko. Shirin da ya biyo baya ya kwance kawunan makamai fiye da 7,600, ya kuma taimaka wa Yukren da Belarus da Kazakistan suka rabu da makaman da suka gada. Kuɗin da Carnegie ta kashe a kan nazarin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da wannan, sai dai an fara kashe shi tun kafin kowa ya san ranar buƙatarsa za ta zo.

NTI: daga Vinca zuwa Zariya da Kazakistan

A watan Janairun 2001 Ted Turner, wanda ya kafa tashar CNN, ya yi alkawarin dala miliyan 250 don kafa ƙungiyar Nuclear Threat Initiative, wadda aka fi sani da NTI, shi da Sam Nunn suka zama shugabanninta. Abin da ya bambanta ta da na gabanta shi ne ba ta tsaya ga rubuta rahoto ba.

A cibiyar bincike ta Vinca da ke kusa da Belgrade akwai kilo 48 na yuraniyam da aka tace sosai, wanda ya isa haɗa bam biyu, a wurin da tsaronsa ya yi rauni bayan yaƙe-yaƙen Yugoslabiya. Amurka da Rasha sun so kwashe shi. Gwamnatin Belgrade ta ce sai an taimaka mata da tsohon makamashin da aka riga aka yi amfani da shi, wanda ke ruɓewa a tafkin ajiya. Dokar Amurka ba ta ba da damar kashe kuɗin gwamnati a kan wannan ba, magana ta cije. NTI ta ba da dala miliyan 5, a watan Agustan 2002 aka ɗauke yuraniyam ɗin a jirgin sama zuwa Rasha.

Aikin Vinca ya nuna wa gwamnatin Amurka giɓin da ke cikin dokokinta, a 2004 ta ƙaddamar da babban shiri na kwashe irin wannan yuraniyam daga tukwanen nukiliya na bincike a faɗin duniya. Ta nan labarin ya iso ƙasar Hausa. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, da ta fara aiki a 2004 da kimanin kilo ɗaya na yuraniyam da aka tace har kashi 90 cikin 100. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon Sin a watan Disamba. Ghana ta yi irin wannan da tata tukunyar shekara guda kafin nan. Gwamnatoci da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ne suka gudanar da aikin Zariya, amma kuɗin sadaka ya taimaka wajen share turbar da aka bi.

Aiki mafi girma shi ne rumbun yuraniyam. Matsalar ita ce na'urorin da ke tace yuraniyam don wutar lantarki su ne dai ke iya tace shi har ya kai na bam. Ƙasa takan ce dole ta mallaki nata na'urorin, don kada masu sayar mata su yanke mata makamashi ranar da aka ɓata. A watan Satumban 2006 NTI ta yi tayin dala miliyan 50, kuɗin attajiri Warren Buffett, don a kafa rumbun da ƙasa za ta iya saye daga gare shi idan kasuwa ta rufe mata, bisa sharaɗin ƙasashe su kawo dala miliyan 100. Amurka, da Tarayyar Turai, da Kuwait, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Norway suka cika sharaɗin. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda za ta riƙe rumbun, ta amince a 2010, aka gina ma'ajiyar a masana'antar Ulba da ke birnin Oskemen a Kazakistan, kayan suka isa a 2019: tan 90 na yuraniyam da tacewarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Shekara 13 ke nan daga alkawari zuwa cikawa. Ƙasashe masu tasowa da dama sun yi ɗari-ɗari da shirin tun farko, suna tsoron kada ya zama hanyar tauye musu haƙƙin fasahar nukiliya ta zaman lafiya, kuma damuwarsu tana da tushe.

Ɓangaren ƙwayoyin cuta

Nan giɓin ya fi faɗi. Yarjejeniyar hana makaman ƙwayoyin cuta, wadda aka sa wa hannu a 1972 ta fara aiki a 1975, ba ta da masu sa ido da ke shiga ƙasa su duba, saɓanin fannin nukiliya. Ƙoƙarin samar da su ya rushe a 2001 da Amurka ta ƙi amincewa. Ofishin yarjejeniyar a Jeniba ya daɗe yana aiki da ma'aikata uku kacal.

Gidauniyar Alfred P. Sloan ta fara ba da tallafi a fannin a shekarar 2000, kafin wasiƙu masu ɗauke da ƙwayoyin cutar antaraks su kashe mutum biyar a Amurka a 2001. Cikin shekara goma ta kashe kimanin dala miliyan 44. Daga cikin waɗanda suka amfana akwai cibiyar da D. A. Henderson, jagoran yaƙin kawar da cutar agana a duniya, ya kafa a Jami'ar Johns Hopkins a 1998. Da Sloan ta rufe shirin a 2010, fannin ya shiga fari. Sai daga baya Open Philanthropy, mai rarraba dukiyar Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, da matarsa Cari Tuna, ta maye gurbin. A 2017 ta ba cibiyar Johns Hopkins dala miliyan 16.

A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da ƙawancen CEPI a Davos, bayan darasin Ebola a Afirka ta Yamma, don samar da alluran rigakafin cututtukan da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu. Gidauniyar Gates da Wellcome ta Ingila kowace ta sa dala miliyan 100. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana cikin cututtukan farko da ƙawancen ya sa a gaba.

Wani sashe na kuɗin yana tafiya ga matsalar da ba a san ta ba shekara talatin da suka wuce. Yau ana iya yin odar sassan ƙwayoyin halitta daga kamfani, a aiko su ta gidan waya. A 2018 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka wallafa yadda suka haɗa ƙwayar cutar aganar dawaki, 'yar'uwar agana, daga irin waɗannan sassa. NTI ta jagoranci kafa ƙungiyar IBBIS a Jeniba a 2024, don taimaka wa kamfanoni su riƙa tantance abin da ake oda da wanda ya yi odar.

Rauni da suka

Babban raunin fannin shi ne ya rataya a wuyan mutane ƙalilan. A 2021 ta bayyana cewa MacArthur, wadda masu karatu a arewacin Najeriya suka sani ta tallafin da ta ba Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, za ta zare hannunta daga harkar nukiliya, ta kuma kammala ficewa a 2023. Lokacin ya yi muni, domin a tsakanin nan ne Rasha ta mamaye Yukren, ta kuma dakatar da aiki da New START, yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya tsakaninta da Amurka. Carnegie da wasu sababbi irin su Longview Philanthropy sun yi ƙoƙarin toshe giɓin. A ɓangaren annoba kuwa, asusun agajin FTX, kamfanin cinikin kuɗin intanet na Sam Bankman-Fried, ya yi alkawura masu yawa a 2022, kamfanin ya durƙushe a watan Nuwamba, masu bincike suka wayi gari ba kuɗi, wasu ma aka nemi su mayar da abin da suka karɓa.

Akwai kuma tambayar wa ya ba attajiri ikon juya manufar tsaron ƙasa. A 2016 an soki Ploughshares bayan ta bayyana cewa ta ba gidan rediyon NPR dala 100,000 a shekarar da ake muhawara kan yarjejeniyar nukiliyar Iran, wadda asusun ke goyon baya. Atisayen annoba da cibiyar Johns Hopkins da Gidauniyar Gates suka shirya a watan Oktoban 2019 ya zama abincin masu jita-jita da korona ta ɓulla. Babu hujjar cewa masu atisayen suna da hannu a annobar, irin wannan atisaye an sha yin sa tun 2001. Amma zargin ya nuna yadda amana ke wuyar samu idan masu kuɗin da masu yanke shawara duk daga ɓangare ɗaya na duniya suke.

Ko aikin kansa ba kullum yake yin daidai ba. A watan Oktoban 2019 NTI da Johns Hopkins suka fitar da ma'aunin shirin ƙasashe 195 na tunkarar annoba. Matsakaicin makin duniya ya tsaya a 40.2 cikin 100, gargaɗin da ya tabbata bayan 'yan watanni. Sai dai ma'aunin ya sa Amurka ta ɗaya, Birtaniya ta biyu, ƙasashen da korona ta yi wa mummunar ɓarna, har mamatan Amurka suka haura miliyan ɗaya. Ma'aunin ya ƙirga ɗakunan gwaje-gwaje da tsare-tsaren da ke rubuce, bai ba yardar jama'a da halin shugabanni nauyin da ya kamace su ba. A bugu na biyu da ya fito a 2021 an ƙara tambayoyi a kan waɗannan, matsakaicin makin duniya ya kasance 38.9.