White Sox da magoya bayanta: ga amsoshin a wuri ɗaya, don Allah a bar wayata ta huta

Tun ranar da aka zaɓi Fafaroma Leo a watan Mayun 2025, aka ji ashe ɗan Shikago ne kuma mai goyon bayan White Sox, na shiga uku da tambayoyi. Mutanen da ba su taɓa zama sun kalli besbol na minti goma ba yanzu kowa yana so in yi masa fashin baƙi, saboda kawai an san a garin nake zaune. Na amsa a waya, na amsa a WhatsApp, na amsa a wajen suna. Ga su nan na tara. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Wai da gaske sun sha kashi sau 121 a kaka ɗaya?

Da gaske. A 2024 sun ci wasa 41, an doke su a 121. A tarihin besbol na zamani, tun 1962 New York Mets ke riƙe da wannan abin kunya da kashi 120, sai ga White Sox ta sauke musu kayan. A tsakiyar kakar sun jera wasa 21 ba su ci ko ɗaya ba.

Wasa nawa ake yi da har za a sha kashi haka?

162. Kusan kullum ake bugawa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Ku daina auna shi da gasar Firimiya.

Su ne Cubs?

A'a. Cubs na arewacin gari, White Sox na kudanci. Kada ka kuskura ka yi wannan tambayar a cikin jirgin Red Line in ya doshi tashar Sox-35th, wadda ke kusa da filin White Sox.

To me ya sa ba su faɗa rukunin 'yan dagaji ba?

Babu wannan a Amurka. Ƙungiyoyi 30 ne a MLB, babbar gasar besbol ta nan, kuma ko wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba za ta dawo baɗi ta zauna a kujerarta. Kun tuna yadda Kano ta yi tsit da Pillars ta faɗi a 2022? Wannan tsoron shi ke hana mai ƙungiya barci a ƙwallon ƙafa. Mai ƙungiyar besbol barcinsa yake har da minshari. Ku riƙe wannan, don duk sauran maganar a kansa ta ginu.

Mene ne “sake gini” da ake ta faɗa?

Ƙungiya ta duba ta ga ba za ta ɗauki kofi da 'yan wasan da take da su ba, sai ta ba da gwanayenta ga masu neman kofi yanzu, ta karɓi samarin da ba su riga sun nuna ba. A nan ba a cika sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, musaya ake yi, babba ɗaya a ba ka yara uku ko huɗu. Yaran sai sun bi matakai huɗu na ƙananan gasa kafin su iso, abin da kan ɗauki shekaru. In yaro ya iso, ƙungiya na da iko da shi kaka shida, kuma a shekarun farko albashinsa na ƙasa ne (dala 740,000 ne mafi ƙanƙanta a 2024, a gasar da manya ke karɓar miliyan 30 da ɗoriya). Ga shi kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, har zuwa 2022 waɗanda suka fi shan kashi su ke fara ɗauka kai tsaye.

Kun ga ke nan faɗuwa na da riba biyu: ka samu yara masu kyau, ka kuma rage kashe kuɗi. Abin da mai kallo ba zai iya rabewa daga kujerarsa ba shi ne wace ribar ce mai gidan yake bi.

Ai an ce su yi haƙuri. Me ya kawo zage-zage?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai, don masu yin ta ba su san an riga an yi haƙurin ba. An ci bashinsa, ba a biya ba, aka dawo neman wani.

A Disambar 2016 aka ba Boston Chris Sale, mai jifan da babu kamarsa a ƙungiyar, aka karɓo Yoán Moncada da Michael Kopech. Kashegari Adam Eaton ya tafi Washington, Lucas Giolito ya zo. A Yulin 2017 aka miƙa José Quintana ga Cubs, maƙwabta kuma abokan gaba, aka karɓo Eloy Jiménez da Dylan Cease. Aka ce wa mutane ku jira. Suka jira. Suka haɗiye kashi 100 a 2018, suna zaune suna kallon Sale yana jefa ƙwallon ƙarshe da ta ba Boston kofin World Series a wannan shekarar.

Da girkin ya nuna me aka zuba musu? An kai wasannin share fagen kofi a 2020 da 2021, aka ci wasa biyu kacal a duka biyun, aka fito tun a zagayen farko. A daidai lokacin da yaran suka balaga, sai aka ɗauko Tony La Russa, dattijo mai shekara 76 da rabonsa da jagorantar ƙungiya tun 2011, aka ba shi su. Kowa a garin ya san tsohuwar abota ce tsakaninsa da mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ya sha faɗin cewa yana nadamar korar da aka yi wa La Russa daga White Sox a 1986. A 2022 aka tashi 81 da 81. A 2023 kashi 101. Aka kori manyan jami'ai biyu, Ken Williams da Rick Hahn, mutane suka fara murna za a kawo sabon jini daga waje, sai aka ɗaga Chris Getz daga cikin gida, mutumin da shi ne ke kula da renon yaran da ake kukan ba su renu ba.

Yau duka waɗancan samarin sun watse. Kopech ya koma Dodgers a tsakiyar 2024 ya ɗauki kofi a can. Sale kuwa a 2024 ɗin, shekarar kashi 121, ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a Atlanta. Sannan ka zo ka ce da mutumin da ya ga wannan da idonsa ya yi haƙuri? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Kuma kwantiragi mafi tsada da ƙungiyar ta ba ɗan wasa har zuwa wannan lokacin shi ne dala miliyan 75 na Andrew Benintendi. A birni na uku mafi girma a Amurka.

Da gaske magoya baya sun yi wa ƙungiyarsu ihu don ta ci wasa?

Sun yi. A makon ƙarshe na Satumbar 2024 ƙungiyar na kan kashi 120, 'yan ƙungiyar Los Angeles Angels suka zo Shikago wasa uku. Mutane suka sayi tikiti don su ga an kafa tarihin da idonsu, wasu sun kifa jakar takarda a ka da huda biyu ta ido, ana rera “a sayar da ƙungiya”. Sai 'yan wasan suka cinye duka ukun. Ga wutar murna tana tashi a saman allo, ga 'yan kallo suna tsaki. Kashin na 121 sai a Detroit aka sha shi. Ko wannan ɗin ma ba a bar su sun gani a gida ba.

Dabarar nan tana aiki kuwa?

Wani lokaci. Houston Astros sun sha kashi 106, 107 da 111 daga 2011 zuwa 2013, suka ɗauki kofi a 2017 (duk da daga baya an kama su da satar alamun abokan karawa, wannan wani zance ne). Cubs sun sha 101 a 2012, suka ɗauka a 2016 bayan shekara 108. Baltimore ta sha 110 a 2021, ta ci 101 a 2023. Waɗannan ake ɗaga wa mutane kamar laya. Ba a ambaton Pittsburgh, wadda ta jera kaka 20 daga 1993 zuwa 2012 kashinta na rinjayar nasararta. Ko Astros ɗin, sau uku a jere suka yi zaɓin farko, Carlos Correa kaɗai ya yi musu rana, sauran biyun ba su taɓa buga musu babbar gasa ba.

Yanzu ma an toshe ƙofar kaɗan. Tun 2022 ƙuri'a ake jefawa a kan zaɓi shida na farko, kuma ƙungiyar babban gari ba ta shiga cikin shidan shekara biyu a jere. Shi ya sa bayan kashi 121 White Sox, da ta riga ta shiga cikin shidan a 2024, ta goma ta yi zaɓi a 2025.

Ina Shikago da iyalina. In sayi tikiti ko in ƙaurace musu? In na je ba na taimaka wa mai ƙungiyar ba?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amsarta kuma ba mai daɗi ba ce, ka zauna.

A fuska, ƙauracewa ita ce hankali. Kai ne mai biya, an ba ka kaya maras kyau, ka riƙe kuɗinka. Mutane ma sun yi: a 2006, bayan White Sox ta ɗauki kofin 2005, 'yan kallo sun doshi miliyan 3, a 2024 ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kuɗin ƙofa da na ajiye mota da na abinci ba ƙaramin abu ba ne a wasa 81 na gida, kuma ba zan ce maka ba a jin zafinsa ba.

Amma fa ka san girman dutsen da kake jifa. Kuɗin talabijin na ƙasa baki ɗaya raba shi ake daidai tsakanin ƙungiyoyi 30, ko fili ya cika ko ƙuda ne kawai a ciki. In kuɗin shiga ya ragu, a rage albashi, lissafi ya koma daidai. Reinsdorf da abokansa sun sayi ƙungiyar a 1981 a kan kusan dala miliyan 20, a 2025 mujallar Forbes ta ƙiyasta ta a kusan biliyan 2. Kujerarka ɗaya ba ta cikin wannan lissafin.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro. Fili in ya zama wayam yakan koma hujja a hannun mai shi. A Oakland mutane sun ƙaurace saboda John Fisher, mai ƙungiyar Athletics, ya rabu da gwanaye, sai aka riƙa nuna hotunan kujeru babu kowa ana cewa garin ba ya son besbol. Suka juya dabara, ranar 13 ga Yunin 2023 mutum 27,759 suka cika fili da korayen riguna masu kiran a sayar. An gani a duniya, an tausaya. A Nuwamba masu ƙungiyoyi suka amince a koma Las Vegas, ba wanda ya ƙi. Ƙauracewa ba ta yi ba, cika fili bai yi ba. Kada kuma ka ce can ne: a 1988 White Sox ta kusa komawa Florida, sai da jihar Illinois ta yarda ta gina filin da ake ciki yanzu, wanda aka buɗe a 1991. A 2024 ma an sake zuwa neman kuɗin gwamnati don sabon fili. Idan akwai inda muryar mutum ke da nauyi, ina jin a nan ne, wajen 'yan majalisar da za su sa hannu, ga wanda yake da ƙuri'a.

To me zan ce maka? Ya danganta. In tikitin kaka gaba ɗaya kake tunani, ni zan ce dakata, don shi ne kuɗin da ƙungiya ke karɓa tun kafin ta nuna maka komai, kuma raguwarsa ce ake lura da ita a ofis. In kuwa so kake ka kai yara sau biyu ko uku su ga fili, su ga mutane na gasa nama a bayan motoci tun kafin a fara, su tsorata da ƙarar wutar nan in an buga ƙwallo ta haura katanga, to kai su. A shekarun faɗuwa tikiti araha yake, musamman a hannun masu sayar da nasu a intanet, kuma wannan an riga an biya shi ko ka saya ko ka bari. Masu yawo da kaya a tsakanin kujeru da yawansu gwargwadon ciniki suke samu, su ne ƙauracewa ke fara duka. Yaro mai shekara bakwai kuma ba zai jira har a gama gini ba.

Ina iya yin kuskure. Akwai waɗanda nake girmamawa da suka rantse ba za su taka filin ba sai an canja hannu, ban kuma ce sun yi wauta ba. Abin da ba na so shi ne wanda ya zauna a gida ya kira mai zuwa munafuki, ko mai zuwa ya ce wancan ba ɗan goyon baya na gaskiya ba ne. Dukanku abu ɗaya aka yi muku. In za ka je a Afrilu, ɗauki rigar sanyi biyu.

Zai sayar?

Ba yanzu ba. A Yunin 2025 an sanar da yarjejeniya da attajiri Justin Ishbia: daga 2029 zuwa 2033 Reinsdorf na iya sayar masa in ya ga dama, bayan kakar 2034 kuma Ishbia na da damar karɓa. Masu goyon bayan Manchester United ba sai na yi muku bayanin irin wannan jiran ba.

Akwai alamar sauƙi?

Kwantar da hankalinka, akwai ɗan haske. A 2025 kashi 102 aka sha, wato an rage 19. Yaran da aka karɓo daga Boston a madadin Garrett Crochet, irin su Kyle Teel da Chase Meidroth, sun fara bugawa, Colson Montgomery ma ya iso ya nuna yana da ƙarfin hannu. Sai dai na taɓa faɗin irin wannan a 2019.

Addu'ar Fafaroma ba ta kama su ba ne?

Malam, je ka tambaye shi. Ya halarci wasan farko na World Series a 2005, akwai hotonsa a cikin 'yan kallo, iyakar abin da zan ce ke nan.

Rigar wa zan saya wa ɗana?

Wadda babu suna a baya. Ko ta Frank Thomas, tsohon gwarzon White Sox, shi dai ya yi ritaya, ba mai musayarsa a ƙarshen Yuli, lokacin da ake rufe ƙofar musaya.