Labaran da abin tsoronsu ke cikin gida: tambayoyi da amsoshi

Me ya raba wannan nau'in labari da na 'yan sanda ko na aljanu?

A labarin 'yan sanda an yi laifi, ana neman mai laifin, da an kama shi magana ta ƙare. A na aljanu kuwa daga waje masifar take zuwa. A nan abin tsoron ɗan gida ne, da shi ake cin tuwo: uwa, miji, ko yayar da ta goya ka. Mai karatu yakan kai ga zargin wadda ke ba shi labarin ma, ko hankalinta ɗaya, ko kuwa akwai abin da ta danne.

Me ya sa marubuta suke son keɓe mutum shi kaɗai?

Saboda wanda ba shi da abokin shawara ba shi da wanda zai gaskata masa abin da ya gani. A 1892 Charlotte Perkins Gilman, 'yar Amurka, ta rubuta gajeren labari mai suna The Yellow Wallpaper. Mace ce ta haihu, damuwa ta kama ta. Mijinta likita ya kai ta wani gidan haya a bayan gari, ya sa ta a ɗakin bene mai tagogi da ƙarafa, ya hana ta rubutu da ganin baƙi, wai hutu ne maganinta. Ba abin da ya rage mata sai kallon takardar da aka liƙa a bango, har ta fara ganin wata mace a bayan zanen tana neman fita. Ba duka, ba zagi, komai cikin lallashi ake yi mata, kuma nan ne abin yake tayar da tsikar jiki. Gilman kanta an yi mata irin wannan jinyar a 1887.

To ina sirrin gida ya shigo?

Shi ne ginshiƙin. Amma a ganina sirrin kansa bai kai shirun da aka yi a kansa nauyi ba. A littafin Shirley Jackson na 1962, We Have Always Lived in the Castle, an zuba guba a sukari, mutum huɗu na gida ɗaya suka mutu a cin abincin dare. Aka gurfanar da babbar 'yar, Constance, kotu ta wanke ta. Shekara shida bayan haka tana zaune a gidan tare da ƙanwarta Merricat da wani dattijo ɗan uwansu da gubar ta nakasa, mutanen gari sun ƙaurace musu. Abu ɗaya ne ke damun mai karatu: kafin 'yan sanda su iso, Constance ta wanke kwanon sukarin tas. Wa take rufa wa asiri? Mai lura zai gano tun da wuri, kuma ganowar ba ta rage komai, domin abin kallon shi ne yadda 'yan uwa biyu ke wuni tare da sanin nan, suna girki, suna hira, ba wanda ya furta.

A Najeriya an taɓa rubuta irinsa?

An yi. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite ya fito a 2018, a Legas labarin ya faru. Korede ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwarta Ayoola na kashe samarinta, ita kuma tana zuwa da kayan wanki ta goge jinin. Sannu a hankali ake gane cewa wuƙar da Ayoola ke kisan da ita ta mahaifinsu ce, mutumin da ya gallaza musu suna yara.

Shin yadda marubutan suke nuna tabon da azaba ke bari a zuciya daidai yake da abin da likitoci suka sani?

Wani wuri daidai, wani wuri ƙari. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon firgici bayan masifa cikin kundinta na cututtukan ƙwaƙwalwa, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Vietnam. Mugun mafarki, zabura ba dalili, gudun wurin da abin ya faru, ƙamshi ko ƙarar da ke dawo da komai kamar yanzu ake yi, duk waɗannan tabbatattu ne.

Inda marubuta suke zuzutawa shi ne mantuwa. Sai ka ga tauraruwa ta manta komai ɗungurungum, a babin ƙarshe kuma ta tuna dalla-dalla kamar an kunna bidiyo. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Binciken Elizabeth Loftus, masaniyar halayyar ɗan Adam, a shekarun 1990 ya nuna ana iya sa mutum ya "tuna" abin da bai taɓa faruwa da shi ba, kamar ɓata a kasuwa yana yaro. Sai kuma raggon salon nan na mayar da duk mai taɓin hankali makashi, alhali mafi yawansu ba sa cutar da kowa.

Zai karɓu da Hausa?

Kayan aikin suna nan birjik: gidan gandu, kishiyoyi, 'yar riƙo, da dattijon da zai ce "a bar maganar nan a cikin gida". Littattafan Hausa da ke yawo a WhatsApp da Wattpad sukan taɓo waɗannan, sai dai da yawa da an shiga ruɗani ake ɗora wa sihiri ko aljani, boka ya tona, a huta. Mai son rubuta wannan nau'in sai ya jure ya bar mai karatu cikin shakka: amaryar nan da ke jin kuka a ɗakin da aka kulle tun rasuwar uwargida, iska ce ta taɓa ta kamar yadda surukarta ke faɗa wa maƙwabta, ko kuwa surukar ce ke riƙe da makullin?