Mata 'Yan Sa Kai na Kiwon Lafiya a Ƙauyukan Nepal

Mata 'yan sa kai na kiwon lafiya, waɗanda ake kira Mahila Swasthya Swayamsevika da harshen Nepal, matan ƙauye ne da gwamnatin ƙasar ta ɗora wa nauyin kai kulawar lafiya ta matakin farko gida-gida. An kafa shirin a 1988, shekara goma bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa a matso da kiwon lafiya kusa da inda mutane ke zaune. Adadinsu a yau ya kai kimanin 50,000, kuma ba sa karɓar albashi.

Yanayin ƙasar ne ya tilasta hakan. Mafi yawan Nepal tsaunuka ne da kwazazzabai, kuma gundumomi irin su Humla da Dolpa da Mugu sun daɗe babu titin mota da ya haɗa su da sauran ƙasar. Mai naƙuda ko yaro mai gudawa sai a ɗauke shi a kafaɗa, a yi yini ana hawa da gangara kafin a isa ƙaramin asibiti. Ayarin likitoci daga birni ko ƙetare kan je su yi 'yan kwanaki suna duba marasa lafiya, amma ciwo ba ya jiran ranar zuwan baƙi.

Ƙungiyar iyaye mata ta unguwa, wato Aama Samuha, ita ke zaɓar 'yar sa kai daga cikinta. Akan ba ta horo na 'yan kwanaki a farko, sannan a riƙa sabunta mata lokaci-lokaci. Da yawa daga cikin na farko ba su iya karatu ba, shi ya sa aka tsara littattafan rajistarsu da hotuna. Duk wata takan tara matan unguwa a tattauna awon ciki da shayarwa da rigakafi da tazarar haihuwa.

Aikin da ya fito da sunansu shi ne rabon bitamin A, wanda aka fara a 1993, ya kuma game ƙasar baki ɗaya a 2002. Sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, sukan ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 maganin a baki, su ba waɗanda suka cika shekara maganin tsutsar ciki. Gudawa kuma maganinta ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zink.

Nimoniya, wato ciwon huhu, ta fi wuyar sha'ani, domin sai an gane ta kafin a magance ta. An koya wa matan su ɗaga rigar yaro yana kwance lafiya lau a cinyar uwarsa, su danna wata 'yar na'ura mai ƙara idan minti ɗaya ya cika, su ƙirga numfashinsa. Idan ya kai 50 a jariri ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 a wanda ya haura shekara, numfashin ya yi sauri, a wancan lokacin sai su fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan kuwa ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki, ko yaron ya kasa shan nono, ba a tsayawa komai sai asibiti. Jami'an lafiya sun yi ɗari-ɗari da farko kan damƙa irin wannan magani a hannun wadda ba ta yi makaranta ba, sai dai aikin ya nuna suna iyawa.

Daga baya an ƙara musu rabon misofurostol ga masu ciki don tare zubar jini idan haihuwa ta zo a gida, da man kulohekzidin da ake shafa wa cibiyar jariri maimakon mai ko toka da aka saba. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya sauka daga 118 cikin 1,000 a binciken 1996 zuwa 33 a na 2022. Ba su kaɗai suka jawo haka ba, tun da tituna da makarantu da asibitoci ma sun ƙaru, amma da wuya a ba da labarin ba tare da su ba.

Inda ake ta ja-in-ja shi ne batun kuɗi. Galibi abin da suke samu shi ne alawus na tufafi da kuɗin mota ranar horo ko gangami, alhali ayyukan sai ƙaruwa suke, har da gwajin hawan jini a wasu wurare, ga noma da girki na jiran su a gida. Wasu na ganin albashi zai rage musu kwarjinin da sa kai ya ba su a idon jama'a, hujjar da ta fi daɗi a bakin mai albashi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na al'umma daidai da nauyin aikinsu da horon da suka samu.