Waiwaye: Daga ina maganar "sukari na ciyar da kansar mama" ta taso?

A wajen mai koko a unguwar Aboabo da ke Kumasi na ji wata baiwar Allah tana cewa, "Inna, zuba mini ba sukari, an ce shi ke ciyar da kansar mama." Mai kokon ta amsa, "'Yata, har ayaba ma na ji an hana." Duk watan Oktoba, watan wayar da kai kan kansar mama, sai wannan muhawara ta sake tashi a Zangon Kumasi, a WhatsApp da gidajen suna, kamar jiya aka gano ta. Alhali ta kai shekara ɗari.

A shekarun 1920 masanin kimiyya Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin cutar kansa na zuƙar gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, fiye da lafiyayyu, suna mayar da shi asid na lakteti ko da akwai iskar oksijin. Daga baya hankalin masana ya koma kan ƙwayoyin gado, aka jingine batun, sai dai hoton PET, wani hoton asibiti na gano inda cutar take, da aka gina bisa bincikensa.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 2011. Idan gulukos ya shiga ƙwayar halitta, a matakai goma ake sarrafa shi, kowane mataki da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke gudanar da aikin. A tsakiyar hanya akwai wani enzayim, PHGDH, wanda ke aiki kamar mai fasa kwalbati ya karkatar da ruwa zuwa gonarsa: yana janye wani ɓangare na sukarin da aka fara narkarwa, a ƙera sinadarin serin, wanda ake gina sababbin ƙwayoyi da shi. A shekarar ce masu bincike a Amurka suka wallafa a mujallar Nature cewa wannan enzayim ya yi yawa a kusan kashi 70 cikin 100 na kansar mama irin wadda ba ta dogara da sinadarin mata na istrojin. Da suka toshe shi a ɗakin gwaji, ƙwayoyin da ya yi yawa a cikinsu suka rage yaɗuwa. Ashe ga cutar kansa sukari har tubalin gini ne, kuma karkatarwar a cikin ƙwayar take faruwa, ba a kofin koko ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken da aka yi a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ya nuna irin wannan kansar ta yawaita a matan Ghana. Har yau babu maganin toshe PHGDH a asibitoci.

Rage sukari yana da amfani, tunda ƙiba bayan ɗaukewar al'ada na ƙara haɗarin cutar. Amma ko mace ta wuni da azumi, hantarta za ta ƙera gulukos ta zuba a jini, kansar ta ɗebi rabonta. Abin da ke hana ni barci shi ne matar da ta shafa ta ji ƙullutu a mamanta, ta shafe wata shida tana gudun shinkafa da ayaba, ba ta taka asibiti ba.