Shikago: Adireshinka Ake Dubawa, Ba Albashinka Ba

Maganganu biyu ke yawo tsakanin iyayenmu mazauna birnin Shikago na Amurka duk lokacin da aka buɗe neman gurbin sakandare. Wasu na cewa wanda ke zaune a gidan gwamnati mai sauƙin haya, ɗansa ba zai taɓa shiga manyan makarantu irin su Walter Payton, Whitney Young ko Lane Tech ba. Wasu kuma na cewa a'a, talaka ma shi ake fifitawa, ka nuna takardar tallafin haya kawai a rage wa yaronka makin da ake buƙata. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Makarantun sakandaren gwamnati da ake shiga da jarrabawa a birnin guda 11 ne. Ana auna yaro da maki 900: rabi daga sakamakonsa na aji bakwai a darussa huɗu, wato karatu, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, rabi kuma daga jarrabawar shiga da yake yi a aji takwas. Kowane A na ba shi maki 112.5, B kuma 75. Ke nan B ɗaya tak a aji bakwai ta jawo asarar maki 37.5 tun kafin a zauna jarrabawa, kuma iyaye da yawa ba sa farga sai bakin alƙalami ya bushe.

Kashi 30 cikin ɗari na guraben na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Sauran kashi 70 ana raba su daidai tsakanin rukunai huɗu, kowanne kashi 17.5. Wanda ya san yadda makin shiga makarantun haɗaka na tarayya a Najeriya ke bambanta daga jiha zuwa jiha zai gane manufar. An shigo da tsarin ne bayan 2009, lokacin da kotu ta kawo ƙarshen yarjejeniyar da ta sa ake la'akari da launin fata wajen rabon gurabe.

To, a nan ruɗanin yake. Rukunin ba na iyali ba ne, na unguwa ne. Hukumar makarantun tana ɗaukar ƙananan gundumomin ƙidayar jama'a, ta auna kowacce da abubuwa irin su matsakaicin kuɗin shigar gidaje, zurfin karatun manya, yawan gidajen da uwa ko uba kaɗai ke riƙe da su, yawan masu zama a gidan kansu, da yawan gidajen da ba Turanci ake yi a ciki ba. Sai ta jera su: Rukuni na 1 shi ne mafi ƙarancin hali, na 4 mafi wadata. Ba wanda zai tambaye ka nawa kake samu a wata.

Ɗauki direban tasi da ya samu takardar tallafin haya ta Sashe na 8, ya yi ɗawainiya ya kwashe iyalinsa zuwa unguwa mai kwanciyar hankali a arewacin birni. Idan layin nan na Rukuni na 4 ne, 'yarsa za ta kara da 'ya'yan likitoci da lauyoyi waɗanda aka ɗauko wa malamin darasi a gida. A makaranta kamar Payton, makin ƙarshe da ake ɗauka a wannan rukuni yakan kusanci 900, na Rukuni na 1 kuwa yakan yi ƙasa da haka da gomman maki. Shi kuma mai hali da ya sayi sabon gida a unguwar talakawa da ta fara farfaɗowa, ɗansa zai ci gajiyar sassaucin da ba don shi aka yi ba. A ganinmu wannan ne babban raunin tsarin, kuma wanda ya bi shawarar gwamnati ya fita daga unguwar fatara shi ke shan kaye.

Kada kuma ɗan Rukuni na 1 ya saki jiki. Da 'yan rukuninsa zai yi takara, su ma akwai zaƙaƙurai. Ana sake lissafin rukunan kowace shekara, don haka a duba adireshi a GoCPS, shafin neman gurbi na hukumar, a shekarar da za a nema, ba abin da maƙwabci ya faɗa bara ba. Tsallaka titi ɗaya na iya canja rukuni.

Sai maganar aron adireshi, wadda ake faɗa kamar ba komai: "Sa na gidan gwaggonsa mana." Ofishin sufeto-janar na hukumar ya sha bankaɗo iyalan da suka rubuta adireshin unguwar talakawa alhali ba can suke kwana ba. Tun 2016 hukuncin shi ne a cire yaron, a kuma haramta masa shiga irin waɗannan makarantu har abada. Yaro ne ke ɗaukar laifin iyayensa, ko da ya kai aji sha ɗaya yana cin A. Idan iyalin a wajen birni suke zaune, ana iya bin su kuɗin makaranta na duk shekarun da yaron ya yi.

A wasu jihohin abin ya wuce nan. A 2011 wata uwa a Ohayo, Kelley Williams-Bolar, mazauniyar gidajen gwamnati a Akron, ta yi kwana tara a kurkuku saboda ta sa 'ya'yanta makaranta da adireshin mahaifinta. Daga baya gwamnan jihar na lokacin, John Kasich, ya sassauta laifin.

Jita-jitar cewa za a rufe makarantun ta taso ne daga ƙudurin da hukumar ta zartar a Disamba 2023 na mayar da hankali kan makarantun unguwa. Ba a rufe su ba. Yaron da bai samu gurbi ba kuma yana da kujera tabbatacciya a sakandaren unguwarsa, don haka a je a ga makarantar da ido, a tambayi darussan da take koyarwa, tun yaro na aji bakwai.